Saƙon da Malam Habu Bai Aika Ba

Aikin farko da Malam Habu ya ba ni a shagonsa na Bompai bai ƙunshi taɓa komai ba. Wani akawu mai suna Malam Ɗanjuma, wanda yake aiki a kamfanin man gyaɗa a bayan layinmu, ya kawo kwamfutarsa ta gida, ya ce ta yi nauyi kamar an ɗora mata buhun gero. Malam ya kunna ta, ya jona mata intanet, ya rufe duk abin da yake buɗe a fuskarta, sannan ya jawo min benci.

"Zauna ka kalli wannan 'yar fitilar ta modem," in ji shi. "Kada ka taɓa maus. In ka gaji ka gaya min abin da ka gani."

Na zauna ina kallo har aka kira azahar. Na ce masa, "Malam, ƙiftawa kawai take yi."

"To wa yake magana da waje? Kai ba ka taɓa ta ba, ni ban taɓa ta ba."

Ranar na fara sanin cewa akwai abin da yake shiga kwamfuta ba don ya lalata ta ba. Zama yake yi shiru yana kallon mai ita, yana kwashe abin da ya rubuta da inda ya shiga, yana aika wa wani can da ba a sani ba. A shago ɗan leƙen asiri muke ce masa. Ku samarin da kuke shigowa sana'ar nan yanzu, na ji kuna cewa ai abin ba wuya, a yi mata fomatin, a sauko da manhajar kariya ta kyauta a ɗora, shi ke nan. Ban ce ba ku iya ba. Hannunku ya fi nawa sauri. Amma fomatin sharar gida ce da ake haɗawa da kayan mai gida a zubar, kuma manhajar kyauta ba kowacce ake buɗe wa ƙofa ba.

Ban shigo sana'ar ina yaro ba. Na yi shekaru a wani kamfanin roba a Sharaɗa, a kan injin da yake fitar da bokiti da baho, har ranar da muka zo aikin safe muka tarar an manna sunayenmu a bakin ƙofa. Malam Habu maƙwabcinmu ne a Panshekara. Ya gan ni zaune a dakalin masallaci kwana da kwanaki, wata rana bayan asuba ya ce, "Isyaku, in zaman kake so, akwai benci a shagona, kuma can akwai fanka." Haka na bi shi.

Shi asalinsa mai gyaran tafireta ne. Ya zagaya ofisoshin Bompai da jakarsa tun zamanin takardar kabon, kuma da tafireta ta fara ƙarewa bai tsaya yi mata kuka ba, ya sayi tsohuwar kwamfuta ya warware ta ya mayar, ya sake warwarewa, har ya gane kanta. Kayan aikinsa ba su da yawa. Ƙananan sukudirebobi da ya taho da su daga aikin tafireta, waɗanda hannunsa ya cinye musu fenti. Burushin fenti mai laushi da abin hura iska, saboda ƙurar manyan motocin da suke wucewa zuwa sito-sito ba ta barin cikin kwamfuta. Jakar faya-fayan sidi, kowanne da rubutunsa a kai da biro. Sai wata kwamfuta a lungu, murfinta a buɗe, wadda muke kira Tsohuwa. Babu takardar kowa a cikinta, babu hoton kowa. Aikinta ɗaya, a gwada abu a kanta kafin a kai shi gidan mutane.

Masu zuwa wurinmu ba manyan kamfanonin ba ne, su suna da ma'aikatansu. Namu su ne fomen-fomen da masu kula da sito da akawuna da direbobi, mutanen da suka sayi kwamfutar gwanjo suka kai gida don yara su koya. Irin waɗannan ba za ka ce musu su sayi kariyar da ake sabunta biyanta duk shekara ba. Dole ta kyauta. To a nan aikin yake.

Na tuna wani direban tirela daga Challawa da ya kawo tasa a a-daidaita-sahu, a naɗe cikin bargo. Muka kunna, sai ga manhajojin kariya har uku, kowacce tana cewa ta kama 'yar'uwarta. Malam ya cire tabarau ya dube shi.

"Direba, gidanka masu gadi uku ne."

"Ai na ga duk kyauta ne, Malam, na ce a ƙara."

"Ga su nan suna kokawa a ƙofar gida, ɓarawon yana ɗaka yana shan shayi. Ita tirelar taka sitiyari uku gare ta?"

Direban ya yi dariya har da dukan cinya. Malam ya cire biyu, ya duba ta ukun da kyau, ita ma ya cire.

Yadda yake zaɓar manhajar kariya ba a littafi ya koya ba. Abu na farko da yake tambaya shi ne, kai ka je wurinta ko ita ta zo wurinka? Duk wadda ta faɗo wa mutum a fuskar kwamfuta yana tsakiyar harkarsa, da jan rubutu, tana ƙirga masa cututtuka ɗari-ɗari tana cewa ya danna nan da sauri, Malam ba ya ko karanta sunanta. Ya ce likitan kirki ba ya tare mutum a titi ya ce masa ya kusa mutuwa. Wadda zai ɗauka, sai ya rubuta adireshin masu ita da hannunsa, harafi bayan harafi, ya sauko da ita daga can, ba daga filashin wani ba, ba daga shafin da ya tara kaya iri-iri ba. In ana ɗora ta, yakan karanta kowane shafi a hankali da yatsa a kan gilashi, ya cire alamar duk wani ƙarin da aka cusa a ciki, domin a nan ake shigo da baƙon da ba a gayyata ba. Daga nan sai Tsohuwa. Mukan karɓo filashi daga kafe na intanet da wurin masu tura finafinai, irin wanda ya zagaya hannu hamsin, mu soka mata da gangan, mu ga ko manhajar za ta kama. Mako guda yake ba ta. In ta kama amma ta danne kwamfutar har ba a iya buɗe takarda, ya ce wannan ta masu sabuwar na'ura ce, ba ta mutanenmu ba. In ta ce ta gano cuta amma sai an biya za ta cire, ya goge ta ko sallama babu. Kuma in ba ta sabunta kanta, ya ce mai gadi ne da ya san fuskar ɓarayin bara kaɗai.

Akwai shekarar da wutar lantarki ta gagara, kamfanoni suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, a Sharaɗa da Challawa da nan Bompai. Titin da ba ka iya tsallakawa saboda manyan motoci ya koma ana shanya kaya a gefensa. Mutanenmu da yawa suka koma Jigawa da Nijar, wasu da kwamfutocinsu a cikin buhu, wasu suka sayar. Mukan wuni a shago babu wanda ya yi sallama sai mai ruwa. Na ce wa Malam ko in nemi wani abin in rage masa nauyi. Washegari ya zo da babur ɗinsa ya ce in hau. Muka riƙa bi gida-gida a Panshekara da Kumbotso, wurin waɗanda suka rage, muna sabunta musu kariya daga filashinmu mai tsabta saboda ba su da halin intanet. Wani ya ba mu fura, wani ya ba mu addu'a. Da abubuwa suka ɗan farfaɗo, waɗannan gidajen ne suka riƙe shagon.

Malam ya rasu ranar wata Talata bayan gajeriyar jinya. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makara. Allah ya jiƙansa. Bayan sadakar uku na buɗe shago, domin na san da haka zai ce.

An yi kamar mako uku, sai ga Malam Ɗanjuma, wanda a lokacin ya daɗe da yin ritaya. Bai zauna ba. Ya miƙo min wayarsa ya ce, "Isyaku, maigidanka ya aiko min da wasiƙa jiya."

Na karɓa. Saƙon imel ne daga adireshin Malam, da sunansa cikakke, da 'yar gaisuwa da Turanci, sai wani wuri da aka ce a danna. Malam Ɗanjuma ya ce ya danna. Ya ce abin da ya gani ba zai faɗa da bakinsa ba, hotunan banza ne. Kuma ba shi kaɗai aka aika wa ba. Duk wanda Malam ya taɓa rubuta wa wasiƙa ya samu, tsofaffin abokan ciniki, mutanen kwamitin masallaci, har surukansa na Maraɗi inda 'yarsa take aure.

"Ni na san Habu," in ji shi. "Amma ba kowa ya san yadda abin nan yake ba. Wani zai ce dama yana ajiye da su ne, mutuwa ta tona."

Na rufe shago na tafi Panshekara.

Hajiya Binta, matar Malam, tana takaba, don haka a soro na tsaya. Muka gaisa ta bayan ƙofar da take shiga cikin gida. Ta ce ta riga ta ji. 'Yarta ta bugo daga Maraɗi, ta ce uban mijinta ya ga saƙon, ya ce a gaban mutanen gida ashe haka mutumin yake a ɓoye. Hajiya ta faɗi wannan da murya daidai, kamar mai ba da labarin farashin kasuwa. Sannan ta ce, "Mutumin da ba zai iya tashi ya kare kansa ba, Isyaku."

Alhaji Sule ne ya fito da kwamfutar Malam ta gida zuwa soro. Ƙanen Malam ne, mai kula da sito a wani kamfanin fata a Challawa, kuma shi ne yanzu babba a gidan. Kafin in jona mata wuta na zare wayar intanet. Da ta kunnu, na ga abin da ban taɓa zaton zan gani a kwamfutar Malam Habu ba. Jan rubutu ya cika fuska yana ƙirga cututtuka. A ƙasa ga wasu manhajoji uku. Wadda Malam ya ɗora da hannunsa babu ita.

Alhaji Sule ya ba ni labari da kansa, yana jin daɗin abin da ya yi. Ranar rasuwa ya karɓi kalmar sirrin imel ɗin Malam a wurin Hajiya don ya nemo adireshin mutanen nesa. Yana cikin nema sai wannan ta fito ta ce kwamfutar tana cikin haɗari, ga kariya kyauta. Ya danna, ta Malam ta hana. Ya sake dannawa, ta sake hanawa. Sai ya cire ta Malam.

"Ta Yaya ta tsufa," in ji shi. "Ko magana ba ta yi. Wannan kuwa dubi yadda take aiki, ba ta hutawa."

Sauran ukun a zaman makoki aka ɗora su. Kwamfutar tana soro a lokacin, kuma duk wanda ya zo gaisuwa yana son ya yi wa gidan wani abu. Mai shinkafa ya kawo shinkafa, mai tabarma ya kawo tabarma, wanda ya ɗan san kwamfuta ya zaro filashi daga aljihu ya ce bari ya ƙara mata kariya saboda marayu. A gidan makoki ba a ce wa mai taimako a'a. Babu wanda ya yi da mugun nufi. Amma wadda Alhaji ya ɗora ita ce ɗan leƙen asirin da kansa, ya sa rigar mai gadi, kuma da Alhaji ya sake rubuta kalmar sirri washegari, ya kwashe ya aika.

Wannan ne abin da ba a koyarwa a makarantar kwamfuta. Ni yaron shagon yayansa ne, ko da furfura a gemuna. Ba zan ce wa babban gida, a cikin soronsu, kai ka buɗe wa ɓarawo ƙofa ba. In na faɗa, ya ɗauke kwamfutar ya kai wa wani, a yi mata fomatin, hotunan Malam da rubuce-rubucensa su tafi, saƙon kuma ya ci gaba da fita domin ɓarawon yana riƙe da kalmar sirri. Na daɗe ina share kibod da burushi, abin da ba ya buƙatar shara. Sannan na ce, "Alhaji, ina neman izininku in mayar da ita yadda Malam ya bar ta."

Ya ce, "Wato tawa ba ta yi ba ke nan."

"Ban ce ba, Alhaji. Tasa na saba da ita."

"Kai ma ka zama irinsa, ba ka son sabon abu."

Daga bayan ƙofa Hajiya ta ce, "Sule, ƙyale shi. Hannun yayanka ne."

Ya ce to, ya tafi aiki.

Wuni biyu na yi a soron nan. Na tayar da kwamfutar daga filashina, ba daga cikinta ba, don kada abin ya farka. Na kwafe hotuna da takardu gefe, na tace su. Ukun da masu gaisuwa suka ɗora ba su ba ni wahala ba, biyu ma na kirki ne, yawa ne ya ɓata su. Ta Alhaji kuwa na cire ta, na kashe na kunna, ta dawo. Na sake cirewa, ta dawo da wani suna. Sai da na bi jerin abubuwan da suke tashi tare da kwamfutar ɗaya bayan ɗaya, na samo inda ta ɓoye saiwarta. Da ta tafi gaba ɗaya na ɗora guda ɗaya tak, wadda na sauko da ita a shago daga shafin masu ita, na sabunta ta, na bar ta ta bincika ko'ina sau biyu.

Saura imel. Na zo da tawa kwamfutar daga shago, domin ba a canza kalmar sirri a na'urar da ta taɓa cin amana sai an tabbatar. Na gwada wadda Hajiya ta sani, ta ƙi. Ɓarawon ya canza. Hanya ɗaya ta rage, a aiko da lambar shiga ta layin wayar Malam.

Na yi sallama a bakin ƙofa na gaya mata. Ta ce wayar tana wurinta, a kashe tun ranar da aka dawo da kayansa daga asibiti.

"Sai an kunna ta?"

"Sai an kunna, Hajiya."

Ta ce in jira. Wayar babu caji, sai da aka jona ta. Na zauna a soro ina jin ana daka a maƙwabta. Can ta ce, "Ba sai na miƙo maka ba. Ni zan kunna." Na ji kiɗan da wayar take yi in ta tashi, wanda na saba ji a shago kowace safiya. Na danna a aiko da lambar. Ta karanto min ita daga ciki, ɗaya-ɗaya, a hankali, kamar mai gudun kada ta zubar. Na shiga. Na canza kalmar sirri, na fitar da duk wanda yake ciki. Ban buɗe wasiƙunsa ba. Jerin waɗanda aka aika wa kawai na duba, kuma yana da tsawo.

Alhaji Sule ya dawo daga aiki ya tarar da mu a haka. Ya ce a rufe imel ɗin nan take a huta. Na ce za a rufe, amma in aka rufe shiru, abu na ƙarshe da ya fita da sunan Malam shi ne wancan. Alhaji ya sunkuyar da kai. Ina zaton a nan ya gane.

Hajiya ta ce, "To rubuta. Da Hausa, yadda kowa zai ji."

Ta faɗa ina bugawa. Ta ce wannan saƙo daga iyalan Malam Habu ne. Allah ya yi masa rasuwa, an yi jana'izarsa a Panshekara. Abin da ya zo muku da sunansa bayan haka ba shi ya aika ba, kuma ba kayansa ba ne, ɓarawo ne ya shiga. Kada wanda ya buɗe. Wanda ya gani ya zarge shi, ya cire zargin, domin mun zauna da shi mun san shi. Wanda ya taɓa saɓa wa, ya yafe masa.

Na nemi izini na ƙara layi ɗaya, cewa duk wanda ya riga ya danna ya kawo na'urarsa shagon Bompai in duba masa. Alhaji Sule ya ce a sa sunansa a ƙasa tare da na Hajiya, don mutanen Maraɗi su san daga gida ne. Na sa. Na karanta musu sau biyu, na aika.

Ba mu rufe a lokacin ba. Hajiya ta ce a ɗan jira. Ni da Alhaji muka je muka yi la'asar muka dawo, muka tarar amsoshi sun fara shigowa. Ta ce kada in karanta mata abin da suka rubuta, sunayen kawai. Na riƙa kira mata su. Malam Ɗanjuma. Mutanen kwamitin masallaci. Wasu direbobi da na manta da su. Wani tsohon fomen da ya koma Jigawa tun shekarar rufe kamfanoni. Tana cewa Allah ya saka, Allah ya saka. Inuwa ta fara shigowa soro, Alhaji ya soma duba agogo, ita ba ta ce a tashi ba.

Sai ga amsar uban mijin 'yarta. Na faɗi sunan. Ta ce, "Wannan karanta min."

Layi biyu ne. Ya ce sun yi zato mara kyau ga mutumin kirki, a roƙa musu gafarar iyalansa, kuma Allah ya jiƙan Malam.

Ta ce in sake karantawa, na sake.

"To, ya isa," in ji ta. "Rufe masa, Isyaku."

Na rufe.